Manoman Teku na Ƙasar Makka

A kudancin birnin Makka, a bakin hanyar da ta fita ta nufi garin Lis da Jizan har ƙasar Yaman, akwai wata unguwa da ake kira Ka'akiyya. Ba ta cikin wuraren ziyara, amma da wuya mutum ya yi mako guda a Makka bai ci abin da ya ratsa ta cikinta ba. Can babbar kasuwar sarin kayan lambu take, wadda mutanen gari ke kira halaƙa. Can ake cinikin tumaki da awaki. Can kuma akwai kasuwar kifi, inda masu dafa wa otal-otal da masu gidajen abinci ke yin sammako tun ƙanƙara ba ta fara narkewa ba. Makka ba ta da kogi, tsakaninta da teku kuwa tafiyar kimanin kilomita 70 ce, saboda haka duk kifin da aka gani a wannan kasuwa baƙo ne, a mota ya zo.

A da, in aka tambayi mai sayarwa daga ina kifinsa ya fito, amsar ba ta wuce sunan wani garin masunta a gaɓar Bahar Maliya: Jidda, ko Lis, ko Ƙunfuza, ko Jizan. Sunayen kifayen ma kowane ɗan Hijaz ya haddace su, su najil da hamur da sha'ur da harid. Har yanzu suna nan, ko da yake najil ya zama abincin mai hali. To, amma yau a kasuwannin Hijaz duka, a gefen waɗannan ana ganin jatan lande da waɗansu kifaye masu girma ɗaya kamar an zuba su a ma'auni, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ƙugiyar masunci ba. Kiwonsu aka yi cikin ruwan gishiri, aka ciyar da su, aka auna su, aka kwashe su ranar da aka ga dama, kamar yadda manomi ke girbe gonarsa. Abin da za mu duba shi ne mutanen da ke bayan wannan kifi: wanda ke magana da yawunsu, inda suke koyon aikin, da kuma wanda aka buɗe wa ƙofar shiga.

Bari mu fara da duniya baki ɗaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta bayyana cewa a 2022, karo na farko a tarihi, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka yi kiwonsu sun zarce waɗanda aka kamo yawa. An sami tan miliyan 94.4 daga kiwo, watau kashi 51 cikin ɗari na jimlar. Mutum wajen miliyan 22 ne ke cin abinci kai tsaye daga wannan sana'a, mafi yawansu a Asiya, kuma galibin kiwon a ruwan daɗi ake yinsa, cikin tafkuna da kududdufai. Kiwo a ruwan teku shi ne mai wuya, shi ne mai cin jari, shi ne kuma wanda ƙasar Sa'udiyya ba ta da makawa sai ta rungume shi.

Dalilin a fili yake. Duk faɗin ƙasar babu kogi ko ɗaya mai gudana rani da damina. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa an ɗebe shi ba kaɗan ba a shekarun 1980 da 1990, lokacin da aka duƙufa noman alkama a cikin hamada, har a 2008 hukuma ta yanke shawarar janye hannu daga wannan noma sannu a hankali don tsimin ruwa. Ga baki masu yawa da za a ciyar: ban da mutanen ƙasa, a 2019 kawai alhazai sun kusa miliyan biyu da rabi, ba a ma zancen masu Umra da ke kwarara duk shekara. Abin da ƙasar ke da shi a wadace shi ne gaɓar teku mai tsawon gaske, da filayen gishiri da ke kwance a bakinta, waɗanda Larabawa ke kira sabkha, inda ko ƙaya ba ta son tsirowa. Ga manomin gero wannan fili asara ne. Ga mai haƙa kandamin jatan lande kuwa, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kusa da ruwa, ba kuma wanda za a kora daga gonarsa.

Sai dai Bahar Maliya teku ce mai halin kanta. Gishirin da ke cikin lita guda ta ruwanta ya kai kimanin giram 40, alhali a manyan tekunan duniya bai cika wuce 35 ba. Ga zafi, ga ƙarancin abincin da koguna kan kwaso su zuba a teku. Dabarar da ta yi aiki a Nowe ko Tailan ba ta zama daidai a nan sai an yi mata kwaskwarima. Wannan ne ya sa tun farko zancen ya zama na ilimi. A 1982 Ma'aikatar Aikin Gona, da taimakon FAO, ta buɗe cibiyar gwajin kiwon kifi a Jidda, inda aka yi shekaru ana neman irin da zai jure wannan ruwa. A wannan shekara kuma iyalin Al-Balla suka fara ɗan ƙaramin gwaji na kiwon jatan lande kusa da Lis, kimanin kilomita 180 kudu da Jidda. Gwajin nan shi ya girma ya zama Kamfanin Jatan Lande na Ƙasa, wanda attajirin nan Sulaiman Al-Rajhi yana cikin waɗanda suka zuba masa jari, daga baya kuma aka sake masa suna ya koma NAQUA. Kandamansa sun miƙe a bakin teku fiye da kilomita 60, yana da wurin ƙyanƙyasarsa, da masana'antar abincin kifi, da ta gyarawa da daskarewa, yana kuma cikin mafiya girma irinsa a duniya.

Sunan Lis ba baƙo ba ne ga tsofaffin alhazan ƙasa. Mutanen Kano da Katsina da Barno da suka ratsa Cadi da Sudan da ƙafa, waɗansu bayan shekaru suna tafe suna ƙwadago, da yawa daga cikinsu a jiragen katako suka ƙetare daga Sawakin ko Masawwa, suka sauka a wannan gaɓa ta Lis da Ƙunfuza, suka yi harama a Yalamlam, suka shiga Makka ta kudu. Hanyar da motocin ƙanƙara ke bi yau, kusan ita ce suka taka. Za mu koma ga jikokinsu in an jima.

Shekaru da dama sana'ar tana haɓaka da irin jatan landen da ake samu a tekun tun asali, wanda masana ke kira farin jatan landen Indiya. Sai a 2010 da 2011 annoba ta sauka. Cutar farin ɗigo ake ce mata, saboda fararen ɗigogin da ke fitowa a ɓawon dabbar. An fara ganinta a gabashin Asiya a farkon shekarun 1990, ta bi ƙasashe tana rushe gonaki, ta isa Latin Amurka a 1999, a ƙarshe ta iso Bahar Maliya. A daidai wannan lokaci ta faɗa wa Mozambik a 2011, da Madagaska a 2012. Ƙwayar cutar bairos ce, ba ta cutar da ɗan Adam, amma tana iya kashe duk abin da ke cikin kandami tsakanin kwana uku da goma. Ba ta da magani. Rigakafi irin wanda ake yi wa shanu da kaji ma ba ya aiki, gama jikin jatan lande ba ya riƙe tunawa da cuta yadda jikin dabba mai ƙashin baya ke yi. Tana ƙara ƙarfi in ruwa ya yi sanyi, tana kuma tafiya ta hanyoyin da ba a cika kula da su ba: cikin ruwan da aka jawo daga teku, a jikin ƙaguwa, a bakin tsuntsun da ya ɗauki matacce daga wannan kandami ya yar a wancan, a jikin taru ko takalmin ma'aikaci, har ma cikin daskararren jatan landen da aka shigo da shi daga wata ƙasa. Gonakin Jizan da na Lis suka durƙushe, kandamai suka bushe, mutane da yawa suka rasa aiki.

A nan ne masu sana'ar suka gane abin da masuntan ƙasar Hausa suka daɗe da sani, watau ruwa ba shi da shinge. Manomin dawa yana iya yin sakaci ya cuci kansa kawai. Mai kiwo a teku in ya sayo iri mai cuta don araha, ko ya saki ruwan kandamin da ya kamu ba tare da ya faɗa wa kowa ba, ya kashe maƙwabcinsa da maƙwabcin maƙwabcinsa. Saboda haka dole a sami wurin da kowa zai zauna, a yi doka guda, a kuma sami wanda zai bi ya ga an kiyaye ta. A Kabi da Yawuri wannan aikin Sarkin Ruwa ne, shi ke faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da za a bar shi ya huta. A Hijaz ma tun zamanin da kowace sana'a tana da shaihinta, wanda 'yan sana'a ke amincewa da shi hukuma kuma ta san da zamansa. Akwai shaihin masunta, akwai na dillalai, kamar dai Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera a garuruwanmu. Amma shaihin masunta ya san iska da igiyar ruwa da wurin kwanan kifi, bai san bairos ba.

Abin da ya cike gurbin shi ne Ƙungiyar Masu Kiwon Kifi ta Sa'udiyya, wadda ta haɗa kamfanoni da ƙwararru, tana aiki ƙarƙashin kulawar ma'aikatar da tun 2016 ake kira Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Aikin Gona. Babban aikinta shi ne tsaron lafiyar gonaki. Ma'aikatanta kan zaga su ɗebi samfuri a kai ɗakin bincike, ana tara manajojin gonaki lokaci lokaci kowa ya baje abin da ya gani, an kuma ƙuntata shigo da rayayyun dabbobin ruwa sai daga wurin da aka tabbatar da tsabtarsa. Mataki mafi girma shi ne sauya iri. Aka bar na gida, aka kawo farin jatan landen tekun Pasifik, wanda aka tsarkake iyayensa daga sanannun cututtuka zuriya bayan zuriya a killace, aka kuma zaɓi masu juriya. Daga 2014 gonaki suka fara farfaɗowa, cikin 'yan shekaru suka zarce inda suke kafin annoba. Ƙungiyar har wa yau tana da hannu a tambarin inganci na ƙasa da ake kira SAMAQ, wanda ke shaida wa mai saye cewa kifin na gida ne kuma an bi ƙa'ida wajen kiwonsa. Sunan da gangan aka zaɓe shi, gama ya yi kama da samak, watau kifi da Larabci.

Wannan nasara ce, ba a musu. Amma ya kamata a faɗi wakilcin wa ake yi. Ƙungiyar ta masu gonaki ce da masana, kuma a sana'ar da kamfani guda ya yi shekaru yana samar da mafi yawan amfanin ƙasa, ba sai an faɗa ba muryar wa ta fi nauyi a wurin taro. Ƙaramin mai kiwon karfasa a cikin ƙasa yana da kujera, sai dai ba ɗaya take da ta mai kilomita 60 ba. Lebura kuwa, wanda ke tsaye a bakin kandami da tsakar dare, ba shi da kujera sam. Dokar Sa'udiyya ba ta yarda da ƙungiyoyin ƙwadago irin waɗanda aka sani a Nijeriya da Gana da Nijar ba. Abin da aka amince da shi tun 2001 shi ne kwamitin ma'aikata a kamfanin da ke da 'yan ƙasa fiye da 100, kuma ɗan ƙasa kaɗai ke zama wakili a ciki. Tun da ƙarfin aikin gona da na su yana wuyan baƙi ne, mutanen Indiya da Bangaladash da Filifin da Masar da Sudan, ke nan mafi yawan masu aikin suna dogara ne ga kwantaraginsu, da ofishin ƙwadago, da kotun ma'aikata. An sami sauƙi a waɗansu wurare. An hana sa ma'aikaci aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, a watan Maris na 2021 kuma aka sassauta tsarin kafala, har ma'aikaci na iya sauya ubangida bisa waɗansu sharuɗɗa. Duk da haka sauƙin daga sama ya sauko, ba a teburin ciniki aka same shi ba.

To, mene ne aikin kansa? Mutane da yawa in suka ji kiwon kifi sai su ɗauka watsa abinci ne a ruwa a koma inuwa. Bari mu bi jatan lande tun daga ƙwai. Uwa guda takan saki ƙwai dubu ɗaruruwa a dare ɗaya. Abin da ke fitowa daga ƙwan bai kai kan allura ba, kuma cikin kimanin mako uku yakan sauya kama sau da yawa, kowace kama da irin abincinta. Da fari sai an noma masa gansakuka mai ƙwaya ɗaya a cikin manyan kwalabe da tankuna, watau ma'aikacin wurin ƙyanƙyasa manomi ne na tsiron da ido ba ya gani. Daga baya a ƙyanƙyashe masa waɗansu ƙananan halittu na ruwan gishiri da ake kira atimiya. Kuskuren awa biyu a zafin ruwa ko tsabtarsa na iya share tanki duka. Wannan aiki na mai haƙuri ne wanda ya iya madubin ƙara girma, ya kuma iya rubuta abin da ya gani ba ƙari ba ragi.

In an kai 'ya'yan kandami, sai aiki ya koma hannun mai kula da ruwa, har wata uku zuwa biyar. Babban abokin gabansa shi ne asuba. Da rana gansakukar da ke cikin ruwa tana fitar da iskar shaƙa; da dare kuwa ita ma shaƙa take yi tare da dabbobin, saboda haka iskar kan yi ta raguwa har ta kai ƙarshen ƙaranci gab da fitowar alfijir. Wanda ya yi barci bai auna ba, bai kunna injin da ke kaɗa ruwa ba, ya wayi gari da kandamin gawa. Sai kuma lissafin abinci, wanda shi ke cinye fiye da rabin kuɗin da ake kashewa. Jatan lande a ƙasan ruwa yake ci, ba a ganinsa, don haka ake nutsar da faifai da ɗan abinci a kai, a ɗago bayan wani lokaci a ga abin da ya rage. In an ba shi kaɗan ya ƙi girma, in an ba shi da yawa saura ya ruɓe ya ɓata ruwa. A kejin da ke cikin teku kuwa, inda ake kiwon kifin da ake kira baramandi, ana bukatar matuƙan jirgi da masu nutso da za su duba raga su kwashe matattu kullum. Masu sauraronmu na bakin Kwara da Binuwai da tafkin Cadi za su so su ji cewa baramandin nan ɗan'uwan giwan ruwa ne na jini, gidansu ɗaya a wurin masana, sai dai shi yana rayuwa a ruwan gishiri da na daɗi duka. Bayan waɗannan akwai likitan dabbobi, da mai gwajin cuta a ɗakin bincike, da makanikin famfo da na injin sanyi, da masu gyara da tantancewa a masana'anta, inda mata 'yan yankin Lis suka sami aikin albashi a wurin da a da babu irinsa.

Ina ake koyon duk wannan? A sama, ƙasar ba ta da talauci. Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda tana da tsangayar ilimin teku sukutum, da tasharta a bakin ruwa a Ubhur. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullahi, wadda aka buɗe a 2009 a Suwal arewa da Jidda, tana bincike tare da ma'aikatar a kan sababbin irin kifi da abincin da za a haɗa a gida. Da Turanci ake karatu a cikinta, tana kuma ɗaukar ɗaliban babban digiri daga ko'ina a duniya da tallafi. A ƙasa ma ana koyo, irin koyon yaron maƙeri, ta kallo da maimaitawa a bakin kandami. Inda igiyar ta fi siranta shi ne tsakiya, wurin ƙwararren ma'aikacin da ya fi lebura sani amma ba digiri yake nema ba, wanda ya iya awo, ya iya gyaran famfo, ya kuma san lokacin da ya kamata ya ta da manaja daga barci. Shekara da shekaru irin wannan mutum daga waje ake ɗauko shi, daga ƙasashen da suka riga suka daɗe a sana'ar.

A nan misalin Nowe yana da amfani. Can aka fara kiwon kifin salmon a keji a 1970 a tsibirin Hitra, kuma abin da ya riƙe sana'ar har ta zama ta biyu bayan mai da gas a kayan da ƙasar ke fitarwa, akwai wannan tsari a ciki: yaro ya yi shekara biyu a makarantar sana'a, ya yi biyu yana almajiranci a gona ana biyansa, ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaidar gwaninta wadda kowane kamfani ya san darajarta. Kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata da hukuma tare suke tsara abin da za a koyar. A ganina wannan takarda ta fi sabon keji muhimmanci, gama da ita ne ma'aikaci ke iya barin wannan ubangida ya tafi wancan da iliminsa a hannu, da ita ne kuma uba ke yarda ɗansa ya shiga aikin yana ganin inda zai kai.

Hukumar Sa'udiyya tana sane da giɓin. A 2015 aka kafa shirin ƙasa na bunƙasa arzikin kifi, aka kuma ɗora shi cikin babban tsarin nan na 2030 da aka bayyana a 2016, da burin farko na samar da tan 600,000 a shekara daga kiwo. A 2023 an kai kimanin tan 140,000, wanda ci gaba ne sosai in aka tuna da shekarun annoba, amma da sauran tafiya mai nisa. A wannan shekara kamfanin SALIC na gwamnati ya sayi fiye da kashi 40 cikin ɗari na NAQUA, ana kuma ƙara kafa keji a arewa wajen Tabuka. Tare da haka ana matsa wa kamfanoni su ɗauki 'yan ƙasa. Tun 2011 tsarin Niɗaƙat ke rarraba kamfanoni launi launi gwargwadon yawan 'yan ƙasa da ke cikinsu, wanda ya gaza a tsuke masa izinin kawo baƙi. A 2018 kuma aka fito da ƙa'idar cewa jirgin su kada ya fita sai da ɗan ƙasa a ciki. Doka tana iya sa a rubuta sunan saurayi a littafin albashi. Abin da ya fi wuya shi ne a sa ɗan Jidda ya bar gari ya tare a sabkha, cikin zafi da gumi, yana tashi ƙarfe uku na dare, alhali abokansa suna ofis mai sanyi. Waɗanda suka fi tsayawa su ne 'yan garuruwan gaɓar kansu, waɗanda iyayensu masunta ne ko makiyaya.

Yanzu sai mu koma ga jikokin alhazan ƙasa. Hausawan Makka kashi biyu ne a gaban doka, ko da yake a tsakar gida tuwo ɗaya suke ci. Akwai waɗanda kakanninsu suka zauna tun da wuri, waɗansu tun hijirar da ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903, suka sami takardar zama 'yan ƙasa. Su ne masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi, ana ganinsu a makarantu da asibitoci da filin ƙwallo. Ga ɗansu duk ƙofofin da muka ambata a buɗe suke: jami'a kyauta, horo da tallafin hukuma, ga kamfanoni na neman irinsa don cika adadi. Akwai kuma waɗanda a Makka aka haife su, aka haifi iyayensu ma, Larabcin Hijaz ne a bakinsu, ba su san Kano ba sai a labari, amma haihuwa a ƙasar ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa, ta wajen uba ake gadonsa. Mai iƙama a cikinsu baƙo ne a lissafin Niɗaƙat, daidai da wanda ya sauka daga jirgi jiya. Marar iƙama kuwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan, sai dako da tura baro da ƙananan ayyukan bakin kasuwa. Abin takaici ne a ce sana'a tana kukan rashin hannun da zai zauna ya daɗe, ga kuma samari a tafiyar awa biyu daga kandaman, waɗanda ba su da wata ƙasa da za su koma in kwantaragi ya ƙare, amma an fi sauƙin ɗauko wani daga nisan kilomita dubbai a kansu.

Ga saurayin da ke saurare daga Afirka ta Yamma yana tunanin wannan sana'a, akwai inda zai fara a gida. Nijeriya tana da kwalejojin tarayya na fasahar kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa da Baga, tana da ta kifi da fasahar teku a Legas, kusa da cibiyar binciken teku da aka kafa a 1975. Jami'o'i da dama kuma suna ba da digiri a fannin. Kiwon tarwaɗa da ya bazu daga Ibadan har Kano makaranta ce babba, gama awon iskar ruwa da lissafin abinci da ƙyanƙyasa da tsabtar kayan aiki duk tushensu ɗaya ne, ko a kududdufi ko a teku. Abin da zai ƙara shi ne sha'anin gishiri, da rayuwar jatan lande, da cututtukansa, da Turancin aiki, in da hali da Larabci. Wanda ya yi digiri mai kyau yana iya neman tallafin karatu a Jidda ko Suwal kai tsaye, ba tare da ɗan tsakiya ba. Wanda kuma aiki yake nema, ya sani bizar Umra ba ta halatta aiki, kuma kamfanin gaskiya yakan aiko da kwantaragi a rubuce, da sunan sana'a da albashi da wurin zama, wanda ake rajistarsa a dandalin Qiwa na Ma'aikatar Ƙwadago, ma'aikaci ya karanta ya amince da kansa. Sunan sana'ar da aka rubuta a iƙama shi ne wanda hukuma ta sani. In an rubuta lebura, ko da takardar Sabuwar Busa a aljihunsa, a matsayin lebura za a lissafa shi har sai ubangidansa ya nemi a gyara.